Majalisar Tarbiyya: Yadda Ake Kafa Ta da Tafiyar da Ita a Makarantar Unguwa

Tun da makarantun Sudan suka fara buɗewa jiha bayan jiha, bayan rufewar da yaƙin 15 ga Afrilun 2023 ya jawo, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga iyayen yara a Gadarif, Kasala, Sinnar, Mai Wurno da Damazin: mudir, wato shugaban makaranta, ya ce mu kafa majalisa, ta ina ake farawa? Wasu tsohuwar majalisarsu ta watse, ma'aji ya yi ƙaura da littafin kuɗi. Wasu kuma sun tarar da makaranta ta zama masaukin 'yan gudun hijira, kujeru sun ƙare, banɗaki ya cika.

Wannan majalisa ta iyaye da malamai ita ce ake kira majlis tarbawi a takardun hukuma, dattawa kuwa har gobe majlisul aba suke cewa. Albashin malamai na hukuma ne, amma alli, ruwan sha, haƙƙin gafir mai gadi da gyaran rufi, yawanci a wuyan iyaye suke faɗawa. Ke nan majalisa kuɗin talakawa take riƙewa. Abin da ya fi rusa majalisu shi ne zargin da babu takardar da za ta wanke shi, ko da kuwa ba a ci sisi ba. Shi ya sa za ku ga matakan nan sun fi daɗewa a kan rubutu da kuɗi.

1. Karɓo ƙa'ida daga ofishin ilimi

Kafin a kira kowa, mudir da mutum ɗaya daga cikin iyaye su je su karɓo kwafin la'iha, wato ƙa'idar majalisun tarbiyya da jiharku ke aiki da ita. Makarantar firamare ta nufi ofishin ilimi na mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, sakandare kuwa ma'aikatar ilimi ta jiha. Abu huɗu za ku nema a ciki: yawan mambobi, tsawon wa'adi, wanda ya halatta ya riƙe shugabanci, da sharaɗin karɓar kuɗi daga iyaye. Duk inda wannan jagora ta saɓa da la'ihar jiharku, la'iha za ku bi.

Gargaɗi: tun da aka bar tsarin asas, wato matakin farko mai shekara 8, aka koma shekara 6 na firamare, 3 na matsakaiciya da 3 na sakandare, akwai harabar da a da makaranta ɗaya ce, yanzu ta zama biyu, kowace da mudirinta. Kowace ta yi majalisarta da littafin kuɗinta. Abin da suka haɗa, kamar ruwa, banɗaki da mai gadi, a rubuta kason kowa tun ranar farko.

2. Kiran babban taron iyaye

Babban taro shi ne uban majalisa: shi ke zaɓenta, shi ke amincewa da kasafi, shi ke sauke ta. A sanar da shi aƙalla kwana 7 kafin ranar, ta hanya uku: takarda a hannun yara, sanarwa a masallaci bayan Juma'a, da saƙon WhatsApp. Takardar hannun yara ita kaɗai ba ta isa ba, rabinta a jaka take kwana. Mata kuma a aika musu mace ta bi gida gida, domin sanarwar masallaci ba ta cika shiga cikin gida ba.

Asabar da hantsi ko Juma'a bayan la'asar sun fi dacewa, tunda ba a karatu. A guji ranar kasuwa. A yankin Gadarif da Sinnar a guji Oktoba, lokacin yankan riɗi, da Nuwamba zuwa Disamba, lokacin girbin dawa, don maza suna gona. A faɗa ƙarara a cikin sanarwa cewa ba za a karɓi kuɗi ranar ba. Wanda ke jin za a tambaye shi kuɗi a gaban jama'a, zama zai yi a gida.

A bakin ƙofa a ajiye takardar halarta: sunan waliyyi, sunan yaro, ajinsa, sa hannu ko dangwala yatsa. In waɗanda suka zo ba su kai rabin waliyyai ba, a ɗage mako guda, a shaida wa kowa cewa taro na biyu zai yanke hukunci da duk wanda ya zo. A tanadi tafinta. Inda ake da iyayen da Larabcinsu na ciniki ne kawai, duk maganar da ba a maimaita da Hausa ba, gobe za a ce ba a ji ta ba, kuma da gaskiyarsu.

3. Zaɓe

A raba kujeru kafin a ambaci sunan kowa. In la'iha ba ta ƙayyade ba, mutum 9 zuwa 15 sun wadatar, kuma adadin ya zama mara, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Iyaye su fi yawa. Malamai 2 ko 3, su malaman ne za su zaɓi nasu a ɗakinsu. Mudir yana ciki da matsayinsa. A ware wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku, a makarantar 'yan mata ma fiye, domin zancen banɗaki, dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa, da auren da ake shirya mata, ba ya isa kunnen maza sai aiki ya riga ya ƙare. In akwai baƙin da yaƙi ya koro masu yara a makarantar, a ba su kujera. In unguwa ta haɗa ƙabilu, kada a bar ɗaya a waje.

Wanda za a zaɓa ya kasance yana da ɗa ko wanda yake riƙo a makarantar, kuma mazauni ne. Mutumin da ke yin wata shida a wurin haƙar zinariya ko a Saudiyya, komai kirkinsa, kujerarsa wofi za ta zauna.

Umda, wato dagaci, da liman da shehun makarantar allo a girmama su da kujerar masu ba da shawara, a riƙa gayyatarsu. Amma kada a ɗora musu ma'aji. Ba don ana zarginsu ba. Babu mai iya duban idon liman a gaban jama'a ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina rasit?" Ma'aji ya zama mutumin da kowa zai iya tambaya ba tare da jin nauyi ba. Haka kuma ɗan kasuwar da makaranta ke sayen siminti ko alli a wurinsa, ko dai ya haƙura da kujera ko ya haƙura da cinikin.

In mutum ɗaya aka tsayar, ɗaga hannu ya isa. In biyu suka nema, a yi a ɓoye: takarda ga masu rubutu, ga marasa rubutu kuma ƙwayar wake a jefa cikin gwangwani a bayan labule. Ɗaga hannu tsakanin maƙwabta biyu gaba yake haifarwa.

Kafin a tashi, taron ya zaɓi mutum biyu masu binciken kuɗi waɗanda ba sa cikin majalisa. Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa, kuma in aka bari sai rigima ta tashi, duk wanda aka naɗa za a ce ɗan ɓangare ne.

4. Raba muƙamai da neman amincewa

Cikin mako guda majalisa ta zauna ta fitar da shugaba, mataimaki, ma'aji da magatakarda. Shugaba da ma'aji su fito daga iyaye, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya ko surukai. Magatakarda ya fi kyau ya zama mudir ko wani malami, saboda takardu a makaranta za su zauna. Kada mutum ɗaya ya haɗa biyu daga cikin waɗannan ukun: mai ba da izinin kashe kuɗi, mai riƙe kuɗi, mai sayo kaya.

A rubuta sunaye da muƙamai, a haɗa da takardar halartar babban taro, mudir ya buga hatimi, a kai ofishin ilimi su amince. A ajiye kwafin da suka sa wa hannu. Banki zai nema, duk ƙungiyar agajin da ta zo da tallafi ma za ta nema.

5. Karɓar aiki daga tsohuwar majalisa

Kada ku karɓi makulli da baki. A yi takardar miƙawa da karɓa, a zaga aji aji ana ƙirgawa: kujeru masu lafiya nawa, karyayyu nawa, alluna, randuna, ganguna, kuɗin da ke hannu, kuɗin da ke banki, bashin da ake bin makaranta da wanda take bi. Tsoho da sabon ma'aji su sa hannu, mudir ya shaida.

In tsohuwar majalisa ta watse babu littafi, a rubuta haka ɗin, a fara daga abin da ido ya gani ranar. Wanda ya zo daga baya yana cewa yana bin makaranta kuɗin bulo, ya kawo takarda ko shaidu biyu, majalisa ta zauna a kai. Ma'aji ba ya biyan tsohon bashi da ra'ayin kansa.

6. Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma ba su da tsada: babban littafi mai kauri na bayanin zama, wani na shiga da fitar kuɗi, wani na kadarorin makaranta, littafin rasit mai lamba a jere da kwafi, fayil na rasitan sayayya, tawadar dangwala yatsa, da akwatin ƙarfe mai makulli. A sa wa kowane shafi lamba da biro tun kafin a fara rubutu, shugaba ya sa hannu a shafin ƙarshe ya rubuta yawan shafukan. Ba a yage shafi, ba a goge kuskure. A ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, a rubuta daidai a gefensa.

Ƙarshen kowane wata a ɗauki hoton shafukan kuɗi da waya a tura wa mambobi uku. Waɗanda suka bar gidajensu da kayan jikinsu kawai sun san amfanin wannan.

7. Kasafi da gudummawar iyaye

Ku fara da yawan kaya, farashi ya biyo baya. Darajar fam, kuɗin Sudan, tana sauka da sauri, kasafin da aka rubuta da farashin bara bai da amfani bana. Ku rubuta kwalin alli nawa a wata, gangar ruwa nawa a mako, buhun siminti nawa, sannan mutum biyu su shiga kasuwa su ji farashin makon.

Ruwa shi ne abin da ake yawan rainawa. Mafi ƙarancin da ma'aikatan agaji ke aiki da shi a makaranta shi ne lita 3 ga kowane yaro a rana, na sha da wanke hannu. Makaranta mai yara 400 tana buƙatar lita 1,200, wato ganga 6 mai lita 200 kullum, ganga 30 daga Lahadi zuwa Alhamis. Ku yi yarjejeniyar wata da mai karo, wato mai kawo ruwa a amalanken jaki, kada ku riƙa saye kullum. Tun ɓarkewar kwalara a Kasala da Gadarif a 2024, sinadarin kulorin da sabulu sun zama wajibi a kasafi. Ma'aunin banɗaki kuwa ɗaya ga 'yan mata 30, ɗaya ga maza 60. Ku ƙirga naku ku ga inda kuke.

Jeri na gaba: haƙƙin mai gadi da mai shara, ɗan abin da ake ba malaman sa-kai, abincin mez inda malamai baƙi ke kwana, faɗur, wato karin kumallo, na yaran da ke zuwa ba ko sisi, sai gyare-gyare. A ware kashi 10 cikin 100 don abin da ba a zata ba. Gyaran rufi da magudanar ruwa a gama shi kafin Yuni. Da zarar damina ta sauka a ƙasar laka, motar yashi ba ta shiga.

Ga yadda ake fitar da gudummawa, da lambobin misali kawai. A ce kasafi ya tashi fam miliyan 3, gidaje 250 ke da yara. An yafe wa 50: marayu, baƙi marasa sana'a, gidan da mai shi ke kwance. Saura 200. Kada ku raba a kan 200, domin ba duka za su biya ba. Ku raba a kan 150, ya zama fam 20,000 kowane gida a shekara, a karɓa kashi biyu ko uku, kaso mafi girma bayan girbi. A ɗora a kan gida, ba a kan kan yaro ba. In aka ɗora a kan yaro, mai 'ya'ya biyar zai zaɓi waɗanda za su zauna a gida, kuma 'yan mata ne za su zauna.

Jerin waɗanda aka yafe wa ya tsaya tsakanin shugaba, mudir da mace ɗaya daga majalisa. Ba a karanta shi a taro. Shi ne kuma za a kai wa kwamitin zakka na unguwa don neman tallafin Diwanin Zakka. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da ƙarfi ko sana'a, a karɓi aikinsa ranar nafir, wato gayya, a rubuta masa a matsayin biya.

Gargaɗi mafi girma: gudummawa ba kuɗin makaranta ba ce. Tsohon tsarin mulkin Sudan na 2005 ya ce ilimin matakin farko wajibi ne kuma kyauta, ma'aikatun ilimi na jihohi kuma sun sha hana korar yaro saboda kuɗi. Ba a mayar da yaro gida, ba a riƙe sakamakonsa, ba a kiran sunansa a layin safe. Babba ake bi, kuma babba ne zai je ya same shi a gida.

Kasafi ba ya aiki sai babban taro ya amince da shi, an rubuta adadin da aka yarda a kai.

8. Shigar kuɗi da fitarsu

Duk fam ɗin da ya shigo, rasit ya fita nan take: asali ga mai biya, kwafi ya zauna a littafi. Rasit ɗin da ya lalace a rubuta masa "an soke", a bar shi a maƙale. Malaman aji kada su karɓi kuɗi daga hannun yara. Kuɗi na ɓacewa a hanya, kuma yaro ya fara kallon malaminsa a matsayin mai karɓar haraji.

Inda akwai reshen banki kusa, a buɗe asusu da sunan majalisa, masu sa hannu uku, ba a cire kuɗi sai da biyu. Inda dole sai an bi ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, a asusun mutum, to a keɓe asusun da ba ya shiga harkar kowa, a rubuta a littafin zama cewa abin da ke ciki na makaranta ne, mai asusun ya sa hannu gaban shaidu biyu. Ranar da ya rasu, wannan takarda ce za ta raba kuɗin makaranta da gado. Kuma hoton sanarwar tura kuɗi ba shaida ba ce, ana ƙirƙirar na bogi. Ma'aji ya buɗe asusun da kansa ya ga kuɗin sun shiga, ya rubuta lambar tura kuɗin a jikin rasit.

Wajen kashewa, a sa iyaka uku. Ƙaramin kuɗin hannu a wurin mudir don alli, tsintsiya da kwan fitila, ba a sake cika shi sai ya kawo rasitan na baya. Matsakaici, shugaba da ma'aji su sa hannu. Babba, kamar gina aji ko haƙa banɗaki, sai majalisa ta zauna, an kawo farashi daga wuri uku. Mai karo da magini ba su da rasit, don haka a rubuta musu takardar karɓa su dangwala. Magini a biya shi kashi uku: na fara aiki, na tsakiya, na ƙarshe bayan an duba. Wanda ya karɓe duka tun farko, sai an yi ta bin sawunsa.

Ba a ba da rance daga kuɗin majalisa. Ko ga mudir, ko ga shugaba, ko don rashin lafiya. In tausayi ya kama mambobi, su sa hannu a aljihunsu. Rance na farko shi ke buɗe ƙofar da ba ta rufuwa.

Kuɗin da aka bayar don abu takamaimai, kamar abin da 'yan unguwa mazauna Jidda ko Makka suka aiko don rufin aji, a buɗe masa shafinsa daban, kada a taɓa shi don biyan mai gadi. A tura musu hoton aiki da na rasit. Gina shaguna a jikin katangar makaranta ko ba da hayar fili kuwa, sai da rubutaccen izinin mahaliyya, don filin na hukuma ne.

9. Yadda ake zama

Sau ɗaya a wata, a rana tsayayya, misali Asabar ta farko. Zama ba ya ɗauruwa sai fiye da rabin mambobi sun halarta. Tsarinsa: addu'a, karanta bayanin zaman baya, rahoton ma'aji, rahoton mudir a kan zuwan yara da malamai, sannan sabbin batutuwa. Sa'a ɗaya da rabi ta isa. Ma'aji ya zo da littafi da rasitai a hannu, "komai lafiya" ba rahoto ba ne.

Bayanin zama, wanda ake kira mahadar, ba labarin wa ya ce me ba ne. Abu huɗu yake ɗauka ga kowane batu: me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe, da nawa. A karanta shi da Hausa kafin a tashi ko da da Larabci aka rubuta, sannan kowa ya sa hannu. In batu ya shafi ɗan wani mamba ko cinikinsa, ya fita waje har a gama. Shawarar da aka yi a WhatsApp saboda gaggawa, a shigar da ita littafi a zama na gaba. Wanda ya yi fashin zama uku a jere ba uzuri, a rubuta masa, in bai dawo ba mai bi masa a ƙuri'a ya hau.

10. Inda hurumin majalisa ya tsaya

Majalisa ba ta shiga aji ta gyara wa malami darasi, ba ta canza sakamako, ba ta korar malamin hukuma ko ɗauke shi. Wannan aikin mudir ne da muwajjih, mai duba malamai, da ofishin ilimi. Abin da take iyawa shi ne ta rubuta wa ofis cewa aji kaza ya yi wata biyu ba malamin lissafi, ta kuma bi takardar da ƙafa.

Uba mai ƙorafi ya fara da mudir, cikin ladabi: "Ustaz, ga abin da yaro ya zo mini da shi." In bai gamsu ba ya kai wa shugaban majalisa, mutum biyu su saurari kowane ɓangare a keɓe. In duka ne mai rauni ko cin zarafi, ba a sasanta shi a zaure a binne. Dokar Yara ta 2010 ta hana horo mai tsanani da kalaman wulaƙanci a makaranta, sai a rubuta a kai ofis.

Aikin da ya fi dacewa da majalisa, kuma ba ya cin ko fam, shi ne bin yaran da suka daina zuwa. Mudir ya kawo sunayen waɗanda suka yi mako biyu ba a gan su ba, a raba wa mambobi bisa unguwa. Inda lokacin makarantar allo ke karo da na boko, a zauna da shehun a daidaita, allo da asuba da dare, boko da hantsi.

11. Rahoto da sauka

Ƙarshen kowane zango a manna takarda ɗaya a ƙofar ofis: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Mako biyu kafin babban taron ƙarshen shekara, a miƙa wa masu bincike littattafai. Su bi lambobin rasit ɗaya bayan ɗaya, su haɗa jimillarsu da littafin kuɗi, su ƙirga kuɗin hannu a gaban ma'aji, su je su taɓa abin da aka ce an saya. Su ne za su karanta abin da suka gani a gaban iyaye, ba shugaba ba.

In an sami giɓi, a ba ma'aji kwana 15 ya kawo takarda ko ya cika, a rubuce. In ya gaza, a sanar da ofishin ilimi. In wa'adi ya cika a yi zaɓe ko da kowa ya gamsu da masu ci, kuma a yi ƙoƙari mutum 2 ko 3 daga tsofaffi su zarce don sababbi su sami mai nuna musu inda aka tsaya. Littattafai, hatimi da makullin akwati a miƙa su cikin mako guda, da irin takardar da aka yi bayani a mataki na 5.